Kakarki ta Juya Baya

Zuwa ga jikata, amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta jin magana.

Kin tambaye ni kamannin kakarki, tunda hotonta guda ɗaya ruwa ya cinye shi tun ba a haife ki ba. Na daɗe ban amsa ba, don in na rufe ido muryarta nake ji, fuskar kuwa sai ta riƙa zille mini. Abin yana ba ni tsoro.

To, ji abin mamaki. Malamar ajinmu na yamma ta kwashe mu, mu tsofaffin ɗalibanta, zuwa gidan da ake ajiye zane-zane. Ni da na ƙare rayuwata a aikin kafinta, katakon da aka zagaye hotunan da shi na fara dubawa, har mai gadi ya roƙe ni in mai da hannuna aljihu. Na gano wani abu: in ka matsa kusa, dabbare-dabbaren fenti ne kawai, ka ja da baya, sai ga kogi har da kwalekwale. Na yi ta gaba da baya, wani ɗan ajinmu da muke kira Direba yana cewa da mota ce da tuni na ƙone mata kuloci.

A ɗakin ƙarshe akwai wata mata da aka zana ta baya, tana shanya. Abokina Tela ya ce mai zanen bai iya hanci ba ne, shi ya sa ya juya ta. Aka yi dariya. Ni kuwa na kasa tafiya. Ban ga fuskarta ba, amma na san ta gaji, na san kuma tana waƙa. Yaya aka yi na sani? Malama ta ce in gwada da hannuna in gani.

Ina da ragowar fentin ƙofa da falanki. Ki yi mini addu'a.

Angonki tsoho,
Kaka

Zuwa ga amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan murar ta sake ki. Ki gafarci rubutun, murna ce ta sa ni sauri.

Da fuskar kakarki na fara zanen, don taurin kai. Tela ya leƙo ya ce ai wannan Direba ne ya ɗaura ɗankwali. Na shafe da farin fenti, na zauna kamar in yi kuka.

Sai na bar fuska, na zana abin da na fi gani shekara da shekaru in na shigo daga aiki: bayanta, tana tsaye a tagar kicin, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar ta ɗora a kan gwiwa kamar zalɓe, ludayi a hannu. Tagar ta karkace, hannun ya yi tsawo. Ban gaya wa kowa ko wace ce ba. Na jingine shi a baranda, na ce in ba wanda ya gane ta, zan mai da shi murfin akwati.

Jiya babanki ya zo. Ya fara gaishe ni, sai gaisuwar ta tsaya a rabi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, miyar Inna za ta ƙone."

Muka zauna a ƙasa, muna dariya muna share ido. Can ya ce ai ke ma haka kike tsayuwa in kina wanke-wanke. Ban taɓa lura ba.

Hoton naki ne, yana jiran ki. Amma ki gaggauta rubuto mini: wace ƙafa kike ɗagawa? Ita ta hagu ce.

Ki gaida ƙawayenki.

Angonki mai fenti har a gemu,
Kaka