Makullin Siton Alhaji

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan Isha'i

Yau a huɗuba liman ya yi wa masu ɓoye hatsi tas, rabin sahu suka waiwayo suna kallona. Ni da jiya kwaɗon zogale iyalina suka ci suka kwanta.

Geron da ke sito na Alhaji Sabo ne. Shekara da shekaru yana turo kuɗinsa daga birni, ina saya masa da kaka, in sayar da bazara. Bana tun kafin shuka nake cewa mu fitar, an samu riba, ƙwari kuma sun fara shiga. Ɗazu na sake kiransa, ya ce, "Malam Idi, bari buhu ya ƙara tashi. Ajiya na ba ka, ban nemi shawara ba."

Da la'asar maƙwabciyata Inna Talatu ta zo da kuɗinta ƙulle a bakin zane, tiya ɗaya take so. Na ce amana ce. Ta ce, "To, a ci gaba da kiwon ƙwari," ta juya.

Yana can ƙarƙashin fanka, ni ake tsine wa a nan Kunci. Gobe zan kai masa makullinsa. Ya zo ya hana Inna Talatu da bakinsa.