Ƙarar da Kuka Sa wa Ƙafata

Zuwa ga Daraktan fim ɗin soyayya da barkwanci da aka ɗauka a bakin ruwan Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ranka ya daɗe, ni ne Garba, dattijon nan mai kwalekwale da ya tsallakar da saurayi da budurwa a fim ɗinka. Sau uku ina aika saƙo ta hannun wanda ya kawo ku garinmu, shiru kake ji. Na gaji da aike, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Da kuka zo bayan ƙaramar Sallar bara, ban so shiga ba. 'Yata Rakiya ce ta matsa mini, wai tana son ganin babanta a fim. Abin da kuka nema kaɗan ne: in tako daga gindin mangwaro zuwa bakin ruwa, in riƙe kwalekwale yarinyar ta shiga, in tuƙa. Kun ga ɗingishina tun ranar farko. Farfelar injin jirgin ruwa ce ta sare mini ƙafar hagu a hanyar Wara, tun ba a haifi Rakiya ba. Babu wanda ya ce mini da ƙafar za a yi wasa.

Na biyu. Ranar da fim ya fito, Rakiya ta tara maƙwabta a tsakar gida bayan la'asar, ta jingina waya da turmi. Duk inda masoyan suka haɗa ido sai sarewa ta tashi a hankali, har Innar Rakiya ta yi ajiyar zuciya. Ba zan ɓoye ba, ni ma ya taɓa ni. Ruwan da nake kai da kawowa a kansa kullum sai na ga ya yi kyau. Can sai ga ni. Duk sa'ad da ƙafar hagu ta sauka sai a ji "ƙiiƙ", kamar tsohuwar ƙofar kwano, kalangu ya biyo baya. Taku goma sha ɗaya, na ƙirga. Gida ya kwashe da dariya, ban kuma ga laifin kowa ba. Rakiya ce kaɗai ba ta dara ba.

Na uku. Da mutane suka watse na sa aka maido wurin, aka kashe murya. Tsoho na gani yana tafiya a tsanake, ya riƙe wa yarinya jirgi don kada ta jiƙe. Babu abin dariya ko ɗaya. Ashe ƙarar ce ke gaya wa mai kallo inda zai yi taushi da inda zai ƙyalƙyale. Ka fi ni sanin wannan, sana'arka ce. Da gangan aka ba su sarewa, ni aka ba ni ƙofa.

Na huɗu. Yau in na ratsa kasuwar kifi, 'yan acaɓa da baki suke yi mini ƙarar. Wani ya mayar da ita kiran wayarsa. Fasinjojin Shanga da ba su san sunana ba sun san ta. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya fi ƙarfina Rakiya ce. Da can ita ke kawo mini abinci bakin ruwa da azahar, mu zauna mu yi hira. Yanzu wurin mai suyar kifi take ajiyewa ta juya. In na shigo gida sai ta sunkuyar da kai har in zauna, don kada ta ga tafiyata. Gani take ita ta jawo mini. Na lallashe ta har na gaji.

Ba diyya nake nema ba, roƙona biyu ne. A cire ƙarar nan daga fim ɗin da kuka sa a intanet, a mayar da ta gaskiya. Kuna da ita, na ga yaronku mai doguwar sandar ɗaukar murya yana ɗaukar motsin ruwa da na filafilin da nake tuƙi da shi. Sannan ka faɗa da bakinka, inda Rakiya za ta ji, cewa shawarar taku ce ba tata ba.

Allah Ya ɗaukaka sana'arka, Ya tsufar da kai da ƙafafunka lafiya, Ya bar maka 'ya'ya masu iya kallonka. Na fi shekara talatin ina ɗingishi a Yelwa, ranka ya daɗe, ban taɓa jin ƙafata ta yi ƙara ba sai da kuka sa mata.

Wassalam.

Garba mai kwalekwale,
Yelwa, Yauri.