Na Juya wa Gauraka Baya Saboda Ke

Ya sanyin safiyata, hasken da ke riga rana sauka a kan ruwa, farar balbelar zuciyata, mai takun zalɓe da ba ya razana ko ɗan kifi! Gaisuwa gare ki daidai yawan tsuntsayen da kika taɓa rubutawa a littafin dausayi, har da waɗanda suka tsere kafin ki buɗe biro.

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan rabon da ki dube ni. Na sani, ni na jawo, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ya gimbiyar masu shiru, dukan bai isa haka ba? Na jiƙe sharkaf!

Kin tuna ranar farko? Ni tela ne kawai, an kira ni in ɗinka labulen rumfar kallo a dausayin nan da aka killace wa tsuntsaye a tsakiyar gari. Na shigo da igiyar awo a wuya, na buɗe baki zan yi sallama da ƙarfi, sai kika ɗora yatsa a leɓe. Sannan kika miƙo mini madubin hangen nesa, da sauran ɗumin hannunki a jikinsa. Motoci na ta ihu a kan gadar sama, ni kuwa ban ji komai ba sai bugun ƙirjina. Kika nuna mini jinjimi, na gyaɗa kai kamar na gani, alhali yatsanki nake kallo.

Wata bakwai ina zuwa duk Asabar, ina zama kusa da ke, dokar rumfa ta ɗinke mini baki. Wace irin soyayya ce wannan, da ko tari sai mutum ya nemi izini? Shi ya sa na ce bari tufafi su yi magana. Na kwashe mako guda ina ɗinka riga ruwan ɗorawa, na yi mata aiki da zare mai walƙiya, na juye rabin kwalbar turare. Na hau gadar katakon da ke kaiwa rumfa, iska na kaɗa ni kamar tuta. Ina zan san a safiyar nan ne gauraki biyu suka sauka, waɗanda kika shekara uku kina jira? Baba mai gadi ya raɗa miki, kina cikin ɗaga madubi, sai ga ni na ɓullo. Fir! Abin da kika samu gani kawai shi ne rawayar rigata. Garin neman gira na rasa ido, har da naki idon na haɗa.

Tun daga nan kika sauya lokacin zuwa, kina bari sai ina shago. Keken ɗinkina ma ya gane ba lafiya. Jiya na haɗa wa wani mutum aljihu a bayan riga. Ina kewar ki, ya kurciyata, kewar da ke hana zare shiga allura. Rigar kuwa na yanka ta, ta zama tsumman goge keke, yanzu ba na sa komai sai launin laka.

To ga dalilin wasiƙar nan. Sun dawo! Ranar Laraba da sassafe na ji kukansu a bayan kwarin gabas, Baba ya leƙa ya tabbatar. Kin fi ni sanin ƙa'idar littafinmu: ba a rubuta tsuntsu da ji, sai da gani, kuma sunan ɗan ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da ya fara gani ake sawa a gefe. Baba ba ya cikin lissafi, ya kuma yi mini alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Ni kaɗai ne a rumfa, madubi a hannuna. Na ajiye shi, na juya kujera.

Safiya uku ke nan ina zaune ina kallon katanga da wata tsohuwar taya, tsuntsayen da duk ƙungiya ke mafarki suna rawa a bayana. Ina jin kaɗawar fukafukansu, wuyana na roƙona in waiwaya, ina ce masa kul. Baba ya fara tambaya ko akwai mai irin wannan lalura a danginmu.

Ruwa na janyewa, abar ƙaunata, Baba ya ce da ƙyar su ƙara mako. Ki zo gobe, ko da ba za ki yi mini magana ba, ai dama can ba mu saba ba. Idan kin ƙi, za su tashi, layinsu a littafi zai zauna fari, ni ma in mutu ban taɓa ganin gauraka ba. Ba zan kalle su ba sai kin dafa kafaɗata kin ce in juyo.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da zare zai ƙare,

Telanki mai ciwon wuya