Zuwa ga Garba, golan da ya ƙi faɗuwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan sana'arka na can Kudu. Ɗan kawunka ne, abokin wasanka, daga Wudil. Lambarka ta daina shiga, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko wani ya kai maka. Maganar ɗaya ce: Gwaggo, mahaifiyarka, ta tsufa, kuma tana son ganinka. Amma tunda jama'a na karantawa, bari in tuna maka abin da ya fitar da kai daga gari, su ma su auna.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Gidan kallon bayan tasha ya samo wani fim ɗin Cainis na barkwanci, inda wasu tsofaffin gwanayen faɗa suka haɗu suka koma buga ƙwallo. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma mun ga ƙwallo tana tafiya da wuta, mun ga ƙato mai teɓa yana shawagi a sama. Kowa ya yi dariyarsa ya watse. Kai kaɗai ka fito da fuska a ɗaure, ka ce in dai iya faɗa na cin ƙwallo, to 'yan damben Wudil aka yi wa fim ɗin.

Haka ka tattara mu, mahauta 'yan dambe, har da na garin Darki. Wani mai neman kansila ya saya mana riguna, don a lokacin duk inda matasa suka taru sai an sami mai saya musu wani abu. Kai ka zaɓi tsaron raga, wai aikin hannu ne. Aka haɗa mu wasa da ɗaliban sabuwar jami'a.

A dambe, ka fi ni sani, da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, sai ya bar fage. A baki mun san ƙwallo ba haka take ba, amma jikinmu bai sani ba. Ni aka fara sa wa ƙafa. Na tashi, na kaɗe wando, na fita daga fili ba wanda ya kore ni. Duk wanda ya faɗi sai ya biyo ni. Alƙalin wasa, wani malamin jami'a ɗan Filato, ya riƙa bin mu yana roƙon mu koma, bawan Allah har muryarsa ta dushe.

Kai kuwa kana tsaye ƙiƙam. Ƙwallo ta sama ka naushe ta, ta ƙasa ka raka ta da ido har raga. Ba ka taɓa faɗuwa a gaban mutane ba, ba kuma za ka fara don yaran boko ba.

Sai aka ba su fenareti. Har yau ban san abin da ya shiga kanka ba. Ka yi tsalle irin na mutanen fim ɗin, ka cafke ta, ka dira rub da ciki. Ɗaliban da kansu suka tafa maka. Amma makaɗin abokan hamayyarka na dambe ya zo kallo da kalangunsa, kafin ka miƙe ya riga ya fara yi maka waƙa. Wai abin da hannun maza ya kasa, ƙwallon yaro ta yi. Kafin mako ya zagayo, yara na rera ta a kasuwa. Ran Juma'a, da aka tashi daga kara, kasuwar shanu, ka hau motar da ke kai shanu Kudu.

Ni dai a wurina wauta ce, kuma ina da ikon faɗa maka. Makaɗin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gidan kallon ya koma shagon cajin waya. Waƙar ma na nemi wanda zai rera min ita, ban samu ba. 'Yan tsirarun da suka tuna ranar, abin da suke cewa shi ne ka kama ƙwallon. Kai kaɗai ka rage kana jin kalangun nan.

Na yi kewarka, Garba. Babu wanda nake tsokana ya rama yadda kake ramawa.

Idon Gwaggo ya yi rauni sosai. Duk Juma'a sai an shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure, saboda ranar ce motocin Kudu ke zuwa. Idan na yi sallama sai ta ɗaga kai ta ambaci sunanka, ni kuma in ce mata ni ne. Na gaji da ba ta wannan amsar.

Allah ya tsare ka inda kake, ya sanyaya maka zuciya, ya kawo ka tana da sauran ganin da za ta gane fuskarka.

Naka,
Ɗan kawunka, Sale.