Tukwanen Sauda

Juma'a, 21 ga Yuni, 2024

'Yata Yasmin ta tafi Madina wurin gwaggonta Azumi, sai ƙarshen hutu. Ta bar mini amanar tukwanen shukar marigayiya uwarta Sauda guda shida. Furen okid ne, irin na ƙasa, wanda wata nas 'yar Turkiyya ta ba Sauda tun tana da lafiya. Furensa kamar ƙudan zuma ya sauka a kan tsinke. Da sanyi suna zama a ƙaramin firij mai ƙofar gilas, don sanyin Jidda bai ishe su ba. Da zafi ganyen ya bushe ƙurmus, a jera su a kan kanta a ɗakin AC.

A bakin ƙofa ta ce, "Baba, kar ka ba su moya. Barci suke. Halas?"

Moya ruwa ke nan a Larabcinta. Na ce halas, shi ke nan. Ni ɗan Kura, da na tashi a cikin lambun tumatir, yarinyar da aka haifa a unguwar Safa ta Jidda ce za ta koya mini shuka.

Laraba, 3 ga Yuli

Na kira ta sau uku. Na ukun ba ta ɗaga ba. Azumi ta ce, "Yaya Ya'u, ka bar yarinya ta numfasa mana."

Asabar, 13 ga Yuli

Ƙasar tukwanen ta tsattsage. Duk lokacin da na shiga ɗakin sai in ga kamar Sauda ce na bari da ƙishirwa. Na san shirme ne, amma haka nake gani.

Na ba su ruwa. Kofin shayi ɗaya-ɗaya kawai. A garinmu ko gonar maƙiyinka ka gani haka, ka ji tausayi.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na ƙara. Tun ranar nan ma kusan kullum nake ƙarawa, gara in rubuta gaskiya.

Talata, 6 ga Agusta

Wari a ɗakin. Na sa cokali na tono ɗaya. Saiwar, da take kamar rizga, ta zama kunu, baƙi. Na mayar da ƙasar na shafe samanta da bayan cokalin, kamar ɓarawo. Sauran biyar ɗin ban iya dubawa ba.

Na zaga wuraren masu sayar da furanni bayan aiki. Wani ya nuna mini okid ɗin da ake kai wa masu jinya, mai dogon wuya. Ba shi ba ne, ko kusa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ta dawo. Kafin ta cire abaya ta leƙa ɗakin. Ƙasa ta riga ta bushe, komai tsaf. Ta ce, "Shukran, Baba." Rabon da ta yi mini murmushi irin wannan tun kafin rasuwar.

Na ce ba komai. Da bakina na ce ba komai.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ta sayo sabuwar ƙasa da tsakuwa. Ashe duk Oktoba ake juye tukwanen a sake wa saiwoyin ƙasa kafin ruwan farko. Sauda na yin haka shekara da shekaru a gabana, ban taɓa ɗaga kai daga waya na kalla ba.

Yau zan gaya mata. Gobe dai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ta shimfiɗa leda a falo ta kira ni in riƙe mata rariya. Tukunya ta farko, ba komai sai ɓawo. Ta biyu haka. Tana ta laluben ƙasa da yatsu tana cewa, "Fen? Ina suke? Mama ta ce suna zama biyu." A ta huɗu ta daina nema, ta dube ni.

Na ce, "Ni ne. Na ba su ruwa."

Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Na gaya maka, Baba."

A ta shida aka samu ɗaya, tauri, lafiya lau. Ita ce ta can ƙurya bayan labule, wadda nake yawan mantawa da ita. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, da furfurata da komai.

Litinin, 28 ga Oktoba

Gaisuwa kawai. Ƙofarta a rufe. Na ƙwanƙwasa da shayi, na ƙwanƙwasa da tuffa, na ƙwanƙwasa in ji ko ta yi sallah. Ta ce, "Baba, min fadlak, don Allah ka bari."

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Kwana biyu ban ƙwanƙwasa ba. Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba. Abincinta nakan rufe in bari a kicin, kuma ana cinyewa.

Ɗazu bayan masallaci ita ta fito da kanta, ta ja ni gaban firij. Wani ɗan kore ya leƙo daga tsakuwa, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Muka durƙusa muna kallo. Saman ƙasar ya yi fari, a idona ya bushe sarai, kuma kofi na nan kusa da gwiwata.

Ta ce, "Lissa, Baba. Ba yanzu ba."

Na ce ai ban ce komai ba. Hannuwana dai suna cikin aljihu har muka tashi.