Shekara Shidan Gidan Banda

Arbroath, 3 ga Maris

Ƙanwata Catriona,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Angus, ƙafar ta saki? Ya yara, ya sanyin Kanada? Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin tuna bayan rasuwar Baba, da Yaya Struan ya ɗauke hannun jarin gidan bandar kifinmu daga tsohon kamfani ya mayar wani sabo? Cewa ya yi, “Haba Elspeth, daga aljihun dama ne zuwa na hagu.” Da gaskiyarsa, tunda duka biyun suna ƙarƙashin babban kamfanin da mu uku muka gada, hukumar haraji ba ta karɓi ko fam ɗaya ba.

Jiya akantanmu ya yi suɓutar baki. Ashe in aka sayar da sabon kamfanin kafin shekara shida, harajin da aka ɗaga zai dawo. Bayan shida kuwa, shi ke nan, babu haraji. Na ƙirga, Catriona. Ranar sha tara ga Afrilu suke cika.

Yaya Struan, mutumin da bai taɓa tambayar ciwon bayana ba, yanzu kullum sai ya zo mini da furanni. Makon jiya kuma wasu masu takalma masu ƙyalli suka zo suna auna ɗakin hayaƙi, wai 'yan inshora ne. Mutum goma sha huɗu ke ci a gidan nan, ni kuma shekara talatin gashina na warin hayaƙinsa. Tsoro nake ji. Ki tsaya tare da ni.

Yayarki,
Elspeth

Arbroath, 28 ga Maris

Catriona,

Ina fata kuna lafiya. Katinki ya iso, hoton tafkin ya yi kyau. Kin ba ni labarin dusar ƙanƙara har layi tara, gidan banda ko layi ɗaya.

Na je wajen lauya. Struan ya kama rana, ashirin ga Afrilu da ƙarfe goma, da masu saye daga Norway. Lauyan ya ce cinikin ba ya yiwuwa sai da sa hannun mutum biyu cikinmu. Kin san Yaya, ko shayi ba ya ɗorawa sai ya ga baƙo a ƙofa. Ba zai tara mutane ba sai hannu na biyu yana aljihunsa.

Ni ban sa ba.

Ba zan yi faɗa ba, wataƙila kina da dalilinki. Amma ki faɗa mini da kanki, kada in ji a bakin lauya.

Ki gaishe da Angus da yara.

Yayarki har yanzu,
Elspeth