Kunamar da Kawu Ya Sa Aka Sassauta

Daren Laraba, Saint-Fons

Wa ya taɓa ganin bindiga ta tashi ba a taɓa kunamarta ba? Ni na gani yau a kulob ɗinmu na harbi. Karabin 22 ce, doguwar bindigar Kawu Isufu, wadda ya kai unguwar Barbès wani ya sassauta mata kunama a bayan shago, wai don ya ci gasa. Ina tura ƙarfen da ke rufe harsashi, sai tau! Harsashin ya nutse a ƙasa dab da takalmin Hamidu, abokin aikina. Cikin ƙarar harbe-harbe ba wanda ya lura.

Kawu ya damƙe hannuna. "Yi shiru, kai. Mu uku ne baƙaƙe a nan, so kake a kore mu? Ça va, ba komai, ba wanda ya mutu."

Ba wanda ya mutu!

Lahadi ce gasar, mutane za su jeru gefensa. Ya kulle bindigar a kabad, makulli na aljihunsa.

Jibi, da an sallame Juma'a, zan tare shi a ƙofar masallaci. Zan ce masa, Kawu, faɗa wa jama'a da bakinka: ƙafar wa kake jira ta samu?